Haɗa Lasifika a Ɗaki: Daga Bakin Waya Zuwa Dodon Kunne

Gabatarwa

Yakan faru mutum biyu su sayi amfilifaya iri ɗaya da lasifika iri ɗaya a shago ɗaya, amma da an je gida sai ta ɗaya ta riƙa ba da sauti garau, ta ɗayan kuwa ta riƙa kukan gwangwani, ko ma ta ƙone kafin wata ya zagayo. Galibi a kan ɗora laifin a kan mai shago, a ce jabun kaya ya sayar. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da yawa ɓarnar tana tsakanin amfilifaya da lasifika, wato a wayoyi huɗun nan da ba wanda ke damuwa da su. A wannan darasi za mu duba yadda ake haɗa su daidai, da dalilin kowane mataki, domin ɗalibi ya san abin da yake yi, ba kwaikwayo kawai ba.

Mai karatu na iya tambayar me ya kai malamin ilimin halittu ga zancen waya da lantarki. Amsa ita ce, duk wannan haɗi a kunne yake ƙarewa. Amfilifaya idan ta ƙone akwai wata a kasuwa, amma abin da ke cikin kunne ba a sayar da shi. Za mu zo kan wannan a gaba.

Abin da ke cikin lasifika

A shekarar 1820 wani masani ɗan ƙasar Danmak, Hans Christian Oersted, ya lura cewa idan lantarki na gudana a cikin waya, allurar kamfas da ke kusa da ita takan karkata. Ma'ana, waya mai ɗauke da lantarki tana zama maganaɗisu. A kan wannan ka'ida aka gina lasifikar da muke amfani da ita, wadda Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka suka bayyana tsarinta a shekarar 1925, kuma har yau tsarin bai canza sosai ba.

Idan aka buɗe lasifika za a ga abubuwa uku: maganaɗisu mai nauyi a baya, da naɗin siririyar wayar tagulla wanda masu gyara ke kira koyil, da takarda mai siffar malfa wadda koyil ɗin ke manne a gindinta. Lantarkin da amfilifaya ke aikowa ba ta fuska ɗaya yake gudana ba, yana kai-komo ne daidai da kai-komon sautin da aka naɗa. Idan ya bi ta nan, maganaɗisu ya ture koyil, takarda ta yi gaba, ta matse iska. Idan ya juyo, takarda ta koma baya, iska ta saki. Wannan matsewa da sakin iska shi ne sauti, kamar dai yadda fatar ganga ke yi idan an buga ta. Yawan kai-komon a daƙiƙa ɗaya shi ake aunawa da ma'aunin haz. Kunnen yaro lafiyayye yana jin daga haz 20 zuwa wajen 20,000.

Kafin a taɓa waya, a bambance lasifika iri biyu. Akwai wadda ke da amfilifaya a cikinta, mai batir ko igiyar wuta, kamar masu Bluetooth da suka cika kasuwa yanzu. Ita ba a jona ta da bakin fitar wutar wata amfilifaya, domin za a lalata ta. Akwai kuma wadda ba ta da komai a bayanta sai ƙugiyoyi biyu, ja da baƙi. A kanta darasinmu yake. Kuma ko da wasa kada yaro ya cusa wayar irin wannan lasifika a soket ɗin bango. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, za ta ƙone koyil nan take, tana kuma iya kashe mai riƙe da wayar.

Ja da baƙi

Kowace lasifika tana da baki mai alamar tarawa, yawanci ja, da baki mai alamar ɗebewa, yawanci baƙi. Haka ma bayan amfilifaya: ja da baƙi na hagu, ja da baƙi na dama. Dokar guda ce, ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi, a ɓangarorin biyu.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne, ko an juya wayar lasifika za ta yi magana, ba kuma abin da zai ƙone. Saboda haka sai a ɗauka ba komai. To amma a yi tunanin an haɗa ta hagu daidai, an juya ta dama. A daidai lokacin da takardar hagu ke tura iska gaba, ta dama tana ja da baya. Ɗaya na zubawa, ɗaya na kwashewa. Sautin da ya fi shan wahala shi ne mai kauri, irin na tambari da babbar ganga. Dalili kuwa, sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka igiyar sauti mai haz 100 tsawonta ya kai mita 3.4, wato kusan faɗin ɗaki. Lasifiku biyu da ke nesa da juna da mita ɗaya ko biyu, a wajen irin wannan doguwar igiya kamar a wuri ɗaya suke, sai turin ɗaya ya cinye na ɗayar. Abin da ya rage sai sauti siriri marar gindi, muryar mai magana kuma ta watse, ba a san daga ina take fitowa ba. Mai ɗaki sai ya yi ta murɗa maɓallin ƙara kauri har ƙarshe, yana wahalar da amfilifaya, alhali maganin juya waya ɗaya ne, ba ko sisi.

Yaya ake gane baki mai alamar tarawa idan lasifika tsohuwa ce, alamunta sun goge? A samo batirin tocila mai bolt 1.5. A cire lasifika daga amfilifaya, a taɓa wayoyinta biyu a kan batir na ɗan ƙiftawar ido, ana kallon takarda. Idan ta yi gaba, wayar da ke kan ɗan ƙullutun batir ita ce ta tarawa. Idan ta koma ciki, a juya. A ɗaura wa wayar zare ko a ɗiga mata jan fenti. Kada a yi wannan gwaji a kan ƙaramar lasifikar nan ta siririn sauti da ake kira tuwita, koyil ɗinta ba ya jure wa. Ita kanta wayar mai falle biyu, in an duba da kyau, za a ga ɗaya na da layi ko rubutu ko ɗan tudu a jikin robarsa. Don wannan aiki aka yi alamar.

Zancen om, inda amfilifaya ke ƙonewa

A bayan lasifika akan rubuta lamba 4 ko 6 ko 8, da wata alama mai kama da kofaton doki. Wannan shi ne om, ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa lantarki. An ba shi sunan Georg Ohm na Jamus, wanda ya wallafa dokarsa a shekarar 1827: yawan lantarkin da ke gudana daidai yake da ƙarfin turi idan an raba shi da turjiya. Ɗalibin da ya taɓa ganin injin ban ruwa a fadama zai gane abin da sauri. Inji shi ne amfilifaya, tiyo shi ne lasifika. Tiyo mai faɗi turjiyarsa kaɗan ce, ruwa da yawa yake ja.

Mu yi lissafi. A ce amfilifaya tana turo bolt 16. Idan lasifika mai om 8 ce, lantarkin da zai gudana amfiya 2 ne, ƙarfin kuwa, wato bolt sau amfiya, wat 32. Idan om 4 ce, amfiya 4, wat 64. Idan aka sauko om 2, ana neman amfiya 8 daga na'urar da wataƙila an ƙera ta ne don ta ba da 4. Ƙarin lantarkin nan zafi yake zama a cikin tiransistocinta. Mai kyau za ta kashe kanta ta huta. Mai araha sai wari da hayaƙi.

Ta yaya mutum ke sauka om 2 ba tare da ya sani ba? Ta hanyar ƙara lasifika. Saurayi ya samu lasifikun mota guda biyu, waɗanda yawanci om 4 ne, ya murɗe jajayen wayoyinsu wuri ɗaya, baƙaƙe wuri ɗaya, ya cusa a baki ɗaya. Wannan shi ne haɗin rassa, domin lantarki na rabuwa gida biyu kamar reshen bishiya. An buɗe masa hanya biyu, turjiya ta ragu da rabi: 4 da 4 sun koma 2, 8 da 8 sun koma 4. Idan ba daidai suke ba, a ninka su, a raba da jimlarsu. Alal misali 8 da 4: 32 a raba da 12, ya ba da om 2.7, wanda ya yi ƙasa ga yawancin amfilifayar gida.

Ɗaya hanyar ita ce haɗin sarƙa. Jan amfilifaya ya tafi jan lasifika ta farko, baƙinta ya tafi jan ta biyu, baƙin ta biyu ya komo baƙin amfilifaya. A nan lantarki hanya ɗaya gare shi, sai ya ratsa duka biyun, don haka turjiya tarawa ake yi: 4 da 4 sun zama 8. Amfilifaya na samun sauƙi, sai dai ƙarfin ya ragu, kuma haɗin ya fi kyau idan lasifikun iri ɗaya ne. Wanda ke da lasifika huɗu masu om 8 a ɓangare ɗaya zai iya haɗa biyu-biyu a sarƙa, kowace sarƙa om 16, sannan ya haɗa sarƙoƙin biyu a rassa, a komo om 8. Lissafi ne mai daɗi ga 'yan aji, amma a ganina ɗakin kwana ko falo ba ya buƙatarsa. Lasifika biyu masu kyau da aka ajiye daidai sun fi shida da aka jibge.

Abin yi dai shi ne a karanta bayan amfilifaya. Idan an rubuta 4 zuwa 16, kada jimlar kowane ɓangare ta gaza 4. Tsofaffin amfilifayoyi masu maɓallin A da B, da yawansu haɗin rassa suke yi a ciki idan an kunna duka biyun, shi ya sa a kan rubuta cewa a lokacin kowace lasifika ta kai om 8. Wanda ya auna lasifika da mita kada ya yi mamaki in ya ga 6 maimakon 8. Mita turjiyar wayar koyil kaɗai take gani, ita kuwa turjiyar lasifika lokacin aiki tana hawa da sauka gwargwadon sautin, lambar da aka rubuta kimantawa ce.

Akwai wani tarko na zamani. A tsofaffin rediyoyi da yawa baƙin hagu da baƙin dama a haɗe suke a ciki, har wasu suka saba amfani da waya uku maimakon huɗu don tsimi. Ƙananan amfilifayoyi masu araha na yanzu, irin masu aiki da bolt 12 ko 24 da ake jonawa da batirin sola, da kuma rediyon mota, mafi yawansu baƙin bakinsu ma wuta yake turowa. Idan aka haɗa baƙi da baƙi, ko baƙi ya taɓa ƙarfen akwati, an yi gajeren haɗi ke nan. Kowace lasifika a ba ta wayoyinta biyu.

Wace waya?

A nan ne ake asarar kuɗi ta fuska biyu, wani ya sayi mai tsadar banza, wani kuma ya tsinko siririyar wayar tsohuwar caja. Ita ma waya tana da turjiyarta, kuma duk ƙarfin da ta cinye bai isa lasifika ba. Tagulla mai kaurin milimita murabba'i 1 tana da kimanin om 0.017 a kowace mita. Ƙa'idar da masu aikin sauti ke bi ita ce kada turjiyar waya ta wuce kashi 5 cikin ɗari na ta lasifika, wato om 0.4 ga mai om 8, ko 0.2 ga mai om 4. A tuna zuwa da dawowa ake lissafawa. Lasifika da ke nesa da mita 5 tana cin waya mita 10. Da waya mai kauri 0.75 turjiyar ta kai om 0.23, ta wadatar ga mai om 8. Idan nisan ya kai mita 10, waya mai 0.5 za ta ba da kusan om 0.7, ta yi yawa, amma mai 1.5 za ta tsaya a 0.23. Taƙaice dai, wayar lantarki mai laushi mai falle biyu, lamba 1.5, wadda kowane mai sayar da kayan wuta ke da ita, ta ishi kowane ɗaki.

Abin lura shi ne a tabbata tagulla ce. Akwai waya a kasuwa da aka yi da alminiyom aka shafa mata tagulla a sama. Turjiyarta ta ɗara ta tagulla da fiye da rabi, tana kuma saurin karyewa a wurin ɗauri. A kankare sili ɗaya da wuƙa: in cikin ya fito fari, ba tagulla ba ce. Ba ta da nauyi ma a hannu.

Lokacin haɗawa, a kashe amfilifaya a zare ta daga wuta. A fere robar waya kimanin santimita 1, da wuƙa ko filaya, ba da haƙori ba. A murɗe silin tagullar su zama tsintsiya ɗaya, a cusa a ƙugiya, a ɗaure, a ɗan ja a ji ko ta kama. Sannan a haska tocila a duba. Sili ɗaya tak, siriri kamar gashi, idan ya tsallaka daga ja ya taɓa baƙi, ya isa ya ƙone amfilifaya, domin turjiyarsa kusan sifiri ce, kuma mun ga abin da dokar Ohm ta ce game da haka. Wayar da ke kawo sauti daga wayar salula ko talabijin kuma a nisanta ta da igiyar wutar gida, in ba haka ba a ji wani gunji marar yankewa, wanda asalinsa kai-komon wutar gida ne, sau 50 a daƙiƙa. Wanda ya sayi tuwita daban, kada ya jona ta kai tsaye. A sa mata kafasita marar ja da baƙi a sarƙa. Mai lamba 4.7 a kan tuwita mai om 8 tana rage duk sautin da ke ƙasa da wajen haz 4,000, wanda shi ne ke ƙone ta.

Lambar wat ta jikin kwali

Ba zan daɗe a nan ba. Lambobi irin su wat 2,000 da ake rubutawa tare da haruffan PMPO talla ce. A nemi lambar da ke tare da RMS. In babu, a duba abin da ke ba na'urar wuta: idan an rubuta bolt 12, amfiya 2, to wat 24 ne ke shiga, kuma na'ura ba ta fitar da fiye da abin da ta ci. Kada wannan ya sa a raina ta. Lasifikar gida ta yau da kullum tana ba da wajen desibel 85 zuwa 90 a nisan mita ɗaya da wat 1 kacal. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, kuma kafin kunne ya ji sauti ya ninka sai an ƙara wajen desibel 10, wato wat ninki goma. Haɗarin ƙaramar amfilifaya shi ne a murɗe ta har ƙarshe. Da ta kai iyakarta sai ta riƙa yanke kan igiyar sauti, a ji kirci da tsatsa a murya, koyil ya yi zafi. Da an ji haka a rage.

Kunne biyu, lasifika biyu

Me ya sa ake yin hagu da dama? Saboda kunnuwanmu biyu ne. Sautin da ya fito daga dama yana riga isa kunnen dama da tazarar da ba ta kai kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, kuma kai yana tare wani sashe nasa kafin ya isa na hagu. Da waɗannan bambance-bambance ƙwaƙwalwa ke gane inda sauti yake. Injiniya Alan Blumlein na Ingila ya yi rajistar dabarar naɗar sauti ta hanya biyu a shekarar 1931 bisa wannan fahimta. Don a ci moriyarta, lasifikun biyu da mai sauraro su zama kamar duwatsun murhu, nisan da ke tsakanin kowane biyu kusan ɗaya. A ɗaga su daidai tsayin kunnen mai zaune, domin siririn sauti miƙe yake tafiya. Ɗora ɗaya a kan ɗaya a lungu ɓata dabarar ne gaba ɗaya. Matsar da lasifika jikin bango yana ƙara kaurin sauti, kusurwa ta fi ƙarawa, har ya zama ruri. Ɗakin siminti da babu komai a ciki kuma amsa-kuwwa yake yi. Darduma da labule da katifa suna gyara wannan fiye da sabuwar na'ura.

Inda sautin ke sauka

Iskar da takardar lasifika ta tura tana kaɗa dodon kunne. Daga nan ƙasusuwa uku, guduma da maƙera da likkafa, su miƙa motsin ciki. Likkafa ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin mutum, kimanin milimita 3. Tana tura ruwan da ke cikin wata gaɓa mai siffar katantanwa. Georg von Békésy ya sami kyautar Nobel a shekarar 1961 saboda ya nuna yadda motsin ke bi ta cikin katantanwar, siririn sauti yana kaɗa bakinta, mai kauri yana kaiwa can ƙuryarta. A jere a ciki akwai ƙwayoyin halitta masu gashi, wajen 15,000 a kowane kunne, su ke mayar da motsi ya zama saƙon jijiya. A lura, aikin lasifika ne aka juya: can lantarki ya zama motsi, nan motsi ya koma lantarki.

Ƙara mai tsanani tana kashe waɗannan ƙwayoyi. A ƙarshen shekarun 1980 masana suka gano cewa tsuntsaye, har da kaji, suna sake tsiro da nasu bayan sun lalace. Ɗan Adam ba ya yi. Wadda ta mutu ta tafi, kuma na siririn sauti ne ke fara tafiya, shi ya sa mai wannan larura yakan ce yana jin magana amma ba ya rarrabe kalmomi, musamman a cikin taro. Ɗalibi a aji mai hayaniya shi ne farkon wanda zai cutu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren sauti. Ma'aunin da ta bayar ga baligi shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. Kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 83 awa 20, 86 awa 10, 89 awa 5. A kwatanta wannan da abin da muka faɗa, cewa wat 1 na iya ba da desibel 88 kusa da lasifika, za a ga ƙaramar amfilifaya mai wat 20 ma ta isa ta yi ɓarna a ƙaramin ɗaki. Wanda ba shi da na'urar awo yana da alamu biyu. Idan sai ya ɗaga murya kafin wanda ke nesa da shi da kamu ɗaya ya ji shi, ƙarar ta yi yawa. Idan kuma bayan an kashe kunne ya riƙa ƙara shi kaɗai ko ya yi dum, an riga an wuce gona da iri. Jarirai da ƙananan yara ba a kwantar da su kusa da lasifika.

Gwaji don aji

Malami ya samo lasifika biyu iri ɗaya da ƙaramar amfilifaya. A fara da gwajin batir, kowane ɗalibi ya ɗora yatsa a hankali a kan takarda ya ji inda ta nufa. Sannan a haɗa duka biyun daidai, a ajiye su fuska da fuska da tazarar yatsu huɗu, a sa kiɗan ganga a matsakaicin ƙarfi. A kashe, a juya wayoyin ɗaya kaɗai, a sake kunnawa. Ɗalibai su rubuta abin da ya faru da kaurin sautin, su kuma bayyana dalili da zane. Daga nan a juya wayoyin ta biyun ma, a tambaye su me ya sa kaurin ya dawo alhali yanzu duka biyun a juye suke. Aikin gida kuma: mutum yana da lasifika uku masu om 8, amfilifayarsa ba ta ɗaukar ƙasa da om 4 a baki ɗaya. A lissafa jimlar turjiya idan ya haɗa ukun a rassa, da idan ya haɗa su a sarƙa, da idan ya haɗa biyu a sarƙa sannan ya haɗa su da ta ukun a rassa, a faɗi wanne ne zai ƙone masa na'ura.